Za a sa wa Baba bututu a maƙoshi: mu sayar da gona mu biya?

Tambaya: Malam, mahaifinmu yana da ciwon daji a maƙoshi, ko fura ba ta wucewa. Likita ya ce a sa masa bututun ragar ƙarfe ya buɗe hanyar abinci, amma mun ji yana jawo zubar jini. Mu sayar da gona mu biya? Daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Bututun ba ya warkar da dajin, hanya kawai yake buɗewa, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yawanci kunu ya fara wucewa. Ga wanda yunwa ke cinyewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar jini gaskiya ce. Babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya tana manne da maƙoshi a cikin ƙirji. Bakin bututun na iya yin ta gugar naman har ya huda jijiyar. Ba kowa yake samu ba, amma haɗarin ya fi yawa ga wanda aka riga aka yi wa gashin na'ura, wato ƙona dajin da hasken na'ura. Sau da yawa jinin yakan yi sallama tukuna: ɗan jini ja wur a cikin amai, ya tsaya, kowa ya ce an samu sauƙi. Bayan awoyi ko kwanaki sai babban ya ɓalle. Don Allah, ko cikin cokali kuka gani, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ku nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ku ba shi aspirin, diclofenac ko ibuprofen.

A can za a yi ƙarin jini da hoton sikana. Idan babbar jijiyar ce, ana zura wani bututun ta jijiyar matsematsi a toshe hudar daga ciki, aikin da ba kowane asibiti ke iyawa ba.

Saboda haka kafin kuɗi su fita, ku tambayi likitan: in jini ya ɓalle, ina za mu kai shi, Yamai ko Kano, kuma wa zai karɓe mu? Ku tambaye shi batun robar ciyarwa da ake sawa ta ciki kai-tsaye, da gashin da ake yi a cibiyar ciwon daji ta Yamai. Ku nemi ƴan'uwa biyu ko uku masu iya ba da jini. Ni dai in ba a amsa muku waɗannan ba, ba zan ce ku taɓa gonar ba.