Kada ka rufe zauren kakanka da siminti

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce zauren gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram, ya tsage ta gabas, kana tambayar dalilin da ya sa muke wahalar yaɓe kowace shekara kafin damina, alhali 'yan buhunan siminti za su raba mu da ita.

Bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita. In ka rufe shi da siminti, laimar da ke tasowa daga gindi ta rasa mafita, sai tubalin ya riƙa jiƙewa daga ciki. Na gani da idona a gidan maƙwabcinmu: in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji ƙara kamar ta fasasshiyar ƙwarya. A damina ta uku simintin ya ɓare gaba ɗaya, ya tafi da zanen bakin ƙofa. Har gobe in na bi ta wurin raina ɓaci yake.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, da bazara yake sa a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a yaɓe, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Shi da kansa yake hawa soro ya share indararo, ya duba azara ko gara ta shiga. Irin wannan kulawar ce ta riƙe fadar Sarkin Damagaram tun wajen 1850. Ganuwar da Sarki Tanimun ya gina kuwa, da aka daina yaɓa ta, ka ga abin da ya saura: guntaye nan da can. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan Birni ga UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, don a sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, muna jira, Agadas kuma ta shiga a 2013 da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane bango da wayarka, har zankwaye da tsagar kanta. Auna kaurin bangon daga gindi zuwa sama, ka rubuta a littafi. Sai ka je wurin tsohon maginin unguwarmu, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi ramin da aka ɗebo ƙasar zauren da sunan wanda ya yi zanen. Rubuta yadda ya faɗa, don bayan shi ban ga mai faɗa maka ba.

Zan zo kafin ruwan farko in Allah ya yarda. Ka tanadi ciyawa.