Amsa: Tarukan ruwa na duniya suna da wani amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko waɗannan taruka suna haifar da ɗa mai ido, ko shan shayi ne kawai a manyan otal. Ni dai ina ganin suna da amfani, sai dai tafiyar hawainiya suke yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na ruwa a Mar del Plata, ƙasar Ajantina, a 1977. Ba ta sake yin irinsa ba sai Maris 2023 a New York, shekara 46 ke nan! Can ma alkawura aka tara, sama da 700, kuma duk na ganin dama ne, babu mai tilasta wa wata ƙasa ta cika.

Amma a makon taron ne Najeriya ta shiga yarjejeniyar ruwayen da ƙasashe suka yi tarayya a kansu, wadda Chadi ta riga ta shiga tun 2018. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Kogin Neja da Tafkin Chadi ba na ƙasa ɗaya ba ne.

Inda nake tare da kai a shakkar da kake yi kan tarukan shi ne batun tsafta. Ana ta sa hannu a takardu, amma a unguwarmu har yau jarkar mai ruwa muke jira da safe, kwata kuma a toshe take tun damina.