Tambaya da Amsa: Rautar Cisco da ta Juniper Sun Ƙi Fahimtar Juna

Tambaya: Malam, mun haɗa rautar Cisco (na'urar da ke tura bayanai tsakanin netwok da netwok) da ta Juniper ta layin siriyal tsakanin rassan ofishinmu biyu. Kebul lafiya lau, amma Cisco tana nuna "Serial0/0 is up, line protocol is down". Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, rabin farko na saƙon nan yana cewa sigina tana isowa ta waya. Rabi na biyu kuwa yana nufin rautocin ba su daidaita kan yadda za su naɗe bayanai ba. Cisco tana fitowa daga kamfani da tsarin naɗe bayanai mai suna HDLC irin nata na musamman, Juniper da Huawei kuma wani tsarin mai suna PPP suke fara amfani da shi a siriyal. Duk daƙiƙa 10 Cisco tana aika saƙon keepalive na duba ko ɗaya ɓangaren yana nan, idan ta rasa amsa sau uku a jere sai ta sauke layin.

Ka shiga saitin tashar siriyal ɗin Cisco ka rubuta encapsulation ppp. Juniper ta san cisco-hdlc, amma mun fi son PPP domin ƙa'ida ce da kowane kamfani ke bi. Idan har yanzu bai tashi ba, kunna debug ppp negotiation ka ga inda ya tsaya. LCP mai kafa layin ke fara buɗewa, sai tantancewa, sannan IPCP mai daidaita saitin IP. In a CHAP, wato matakin tantancewa, ya maƙale, duba sunan da kowace rauta ke gabatarwa da kalmar sirri, don babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Kada ka manta da undebug all bayan ka gama. In kuma gwaji kake yi da kebul kai tsaye, ɓangaren DCE ne ke ba da agogo, misali clock rate 64000.

Tambaya: Nawa layin faiba ne, ping (gwajin isa ga ɗaya rautar) yana tafiya, amma OSPF, tsarin da rautoci ke musayar bayanan hanyoyi da shi, ya tsaya a matakin ExStart. Na sa mtu 9000 a duka biyun.

Amsa: Nan ne kuskuren. MTU shi ne girman fakiti mafi girma da tasha ke ɗauka. Cisco IOS ba ta ƙirga baiti 14 na farkon firam ɗin Ethernet a cikin MTU, Juniper kuwa tana haɗa su a ciki. Shi ya sa asalin ta Juniper 1514 take, ta Cisco 1500. Saboda haka 9000 a Juniper ya bar wa IP 8986 kawai, OSPF kuma ba ya musayar bayanan hanyoyi idan adadin ya saɓa. Ka mai da na Juniper 9014, ko 9018 idan akwai alamar VLAN.

Gwada da ping mai hana gutsura fakiti. A Cisco size 9000 df-bit, a Juniper size 8972 do-not-fragment, domin Juniper ba ta lissafa baiti 20 na IP da 8 na ICMP, ƙa'idar da ping ke amfani da ita. Ka guji ip ospf mtu-ignore. In ka sa shi, maƙwabtakar OSPF tsakanin rautocin za ta tashi, amma manyan fakitoci za su riƙa ɓacewa a hanya.