Tambaya da Amsa: Ruwan Masana'antar Jima da Mutuwar Kifi a Dare Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon karfasa da tarwaɗa a tankunan siminti. Rijiyata ta ja baya, sai na jawo ruwa da inji daga wani rafi da ruwan masana'antun jima ke gangarowa ciki. Kafin la'asar karfasa suka taso sama suna haki, na watsa farar ƙasa bisa shawarar wani, gari na wayewa fiye da rabi sun mutu. Me ya kashe su? — Mai kiwon kifi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Sai an auna ruwan za a yanke hukunci, amma alamun nan sun fi nuna amoniya, kuma farar ƙasar da ka watsa ita ta ƙarasa su.

Masana'antun jima na zamani, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa da Bompai, suna jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da sinadarin salfayid don gashi ya zube, sannan su wanke farar ƙasar da gishirin amoniyam, su jeme da kuromiyam. Mutane sun fi jin tsoron kuromiyam, alhali ɓarnarsa a hankali take zuwa, yana taruwa a laka da jikin kifi. Masu kisan gaggawa su ne amoniya da salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Amoniya kashi biyu ce a cikin ruwa. Akwai wadda ba ta iya ratsa jikin kifi sosai, akwai wadda ke shiga ta jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, wanda yake numfashi da shi, ta wuce jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ma'aunin pH, wato lambar da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami (ƙasa da 7) ko ga kanwa (sama da 7), da zafin ruwa ne ke raba su. A ruwa mai zafin digiri 30, idan pH yana 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta haura kashi 7. A 9 ta kusa kai rabi. Mu ɗauka kwalbar gwaji ta nuna miligiram 4 a lita: a pH 7 dafin kusan 0.03 ne, kifi zai jure. A pH 9 ya zama kusan 1.8, wanda ya isa ya kashe kifaye da yawa. Ruwan dai shi ne, amoniyar ma ba ta ƙaru ba. Farar ƙasa kuwa aikinta ke nan, ɗaga pH. Haka ma gansakuka ke yi da rana tsaka, shi ya sa matsalar ta fi bayyana da la'asar.

Tarwaɗa ta fi juriya, kuma tana shaƙar iska daga sama, don haka kada rayuwarta ta sa ka ɗauka ruwan lafiya yake.

Idan haka ta sake faruwa, dakatar da abinci nan take, domin kifi da kansa amoniya yake fitarwa bayan ya ci. Zubar da rabin ruwan, ka cika da na rijiyar burtsatse a hankali, ka bar shi yana faɗowa daga sama don iska ta shiga. Kafin ka zubar, cika kwalba mai tsabta har baki, ka toshe, ka sa a ƙanƙara, ka kai ɗakin gwaji a ranar. Da sakamakon za ka iya kai ƙorafi NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli. Kifin da ya mutu a binne shi, kada ya je kasuwa.

TAMBAYA: Malam, a takardar bayanin sinadarai ina ganin "LC50, awa 96". Idan ruwa bai kai wannan adadi ba, ke nan babu haɗari? — Ɗalibar kimiyya, Zariya

AMSA: A'a, 'yata, nan ne da yawa ke kuskure. LC50 shi ne yawan sinadarin da ke kashe rabin kifin gwaji cikin kwana 4. Wa zai yarda rabin jarinsa ya tafi? Ƙasa da shi ma kifi na mutuwa, wanda ya tsira kuma girmansa ya tsaya.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai lamba 203 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. Ana jera tankuna aƙalla 5, kowanne ƙarfin sinadarinsa ya fi na baya amma bai wuce ninki 2.2 ba, da wani tanki na ruwa zalla don kwatance. Kowanne a sa kifi aƙalla 7 masu girma ɗaya, ba a ba su abinci, ana ƙirga matattu a awa 24, 48, 72 da 96. Idan iskar oksijin ta faɗi ƙasa da kashi 60 cikin 100 na abin da ruwan ke iya ɗauka, ko sama da kashi 10 cikin 100 (ko fiye da kifi ɗaya, idan kifin bai kai 10 ba) suka mutu a tankin ruwa zalla, gwajin ya lalace. Sinadarin da LC50 ɗinsa bai wuce miligiram 1 a lita ba shi ake sawa a aji mafi haɗari. Ki riƙa duba irin kifin da aka yi gwajin da shi da zafin ruwan, domin yawancin alƙaluman daga kifin ƙasashen sanyi aka samo su, ba daga karfasar da ke cikin ruwa mai digiri 30 ba.