Tambaya: Idan na zuba manazartar da ChatGPT ya ba ni a Zotero, zai gyara min su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu a tsangayar ilimi, bincikena kan karatun allo ne kuma yanzu ina babi na biyu. Na ce wa ChatGPT ya ba ni manazarta 15, ya ba ni da sunan marubuta da shekara har da lambar DOI (lambar rajistar da ake gane takarda da ita a intanet), amma da na duba a Google Scholar wasu ban gan su ba. Ƙawata ta ce in sauke Zotero in zuba su ciki zai gyara min. Haka ne? Kuma ya ake haɗa su biyun a yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. A'a, Zotero ba zai gyara ba. Shi manhaja ne da aikinsa ajiye manazarta ne da tsara su, abin da kika zuba masa shi zai jera miki tsaf a tsarin APA, wato salon jera manazarta, ko da kuwa takardar ba a taɓa rubuta ta ba a duniya, kin ga sai ma ya ƙara wa ƙaryar kyau. Shawarar sauke shi dai tana nan daram, kyauta ne, tun 2006 aka fito da shi daga jami'ar George Mason a Amurka kuma yana aiki ko ba data. Abin da za ki gyara shi ne wa ke ba wa wani. Manazarta daga Zotero suke fita su je wajen ChatGPT, ba daga ChatGPT su shigo Zotero ba.

Dalili kuwa, manhajoji irin su ChatGPT ba laburare ba ne, kalmomi suke jerawa bisa abin da ya fi kama da daidai. Shi ya sa zai ɗauko sunan farfesan da kowa ya sani, ya haɗa shi da mujallar da ke akwai, ya sa musu taken da ya yi kama da abin da farfesan zai iya rubutawa. A 2023 a New York wasu lauyoyi sun kai wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago musu a ƙarar da aka kai kamfanin jirgin Avianca, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Kuma a batu irin naki abin ya fi muni, don yawancin abin da aka rubuta kan makarantun allo yana cikin kundaye a kan kanta a laburaren Kashim Ibrahim a Zariya ko a BUK, ko a mujallun sashe da ba su taɓa hawa intanet ba. Inda bai da abin faɗa nan ya fi cike gurbi da ƙirƙira. Ko kin kunna masa bincike a intanet abin raguwa yake, sai kin duba dai.

To ga yadda za ki tace guda 15 ɗin nan. A saman Zotero akwai wata alama mai kamar sandar tsafi, ki danna ki liƙa lambar DOI ɗin, zai je ya nemo bayanin takardar daga inda aka yi mata rajista. Ko ya ce bai samu ba, ko ya kawo miki wata takarda daban kwata-kwata, wataƙila ma ta fannin noma, ko ya kawo daidai. Ta ukun kaɗai za ki riƙe, ita ma sai kin buɗe kin karanta, saboda yana yiwuwa takardar gaskiya ce amma abin da aka ce ta faɗa ba ta faɗa ba, kuma wannan shi ya fi kama ɗalibai ranar difens, wato kare kundi. Amma kar ki ɗauka duk abin da bai da DOI ƙarya ne, mujallunmu da yawa ba su da shi, irin waɗannan ki nema a AJOL, shafin mujallun Afirka a intanet, ko ki taka ki tambayi ma'aikacin laburare.

Daga nan sai ki juya aikin. Ki sa Zotero Connector, wato maɓallin da ke haɗa Zotero da burauza, a burauzarki, duk takardar da kika samo da kanki dannawa ɗaya ta shiga da PDF ɗinta. Ki karanta a cikin Zotero ɗin kina shafa wa muhimman wurare launi, sannan ki sa ya tattara miki su a rubutu guda, kowanne da lambar shafinsa. Wannan rubutun shi za ki kwafa ki ba ChatGPT ko Claude ko Gemini, ki ce masa daga wannan kaɗai zai amsa, ya nuna inda marubutan suka yi saɓani da inda suka haɗu, ya faɗi shafi, idan abu babu a ciki ya ce babu. A nan yana da amfani sosai wallahi, musamman idan kina da takardu goma da kanki ya ɗaure kin rasa ta inda za ki fara bitar. NotebookLM na Google ma an gina shi ne a kan amsawa daga fayilolin da kika ɗora masa. Yana kuma taimakawa wajen kawo kalmomin nema, misali ki gwada tsangaya da almajirci da sauran sunayen da Turawa ke kiran abin da su.

Akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa wa Zotero su kawo hira da irin su ChatGPT cikinsa kai tsaye. Ba masu Zotero suka yi su ba, yawanci suna buƙatar mabuɗin API (lambar izinin haɗa manhaja da irin su ChatGPT) da ake biya da dala, kuma in an sabunta Zotero wasu su tsaya. Ni ban ba wadda take farawa shawarar su ba, kwafa da liƙawa ya ishe ki.

Sa madogara a cikin rubutu kuwa ki bar wa Zotero ta maɓallinsa da ke cikin Word, kar ki bari ChatGPT ya rubuta miki jerin manazarta. In sufabaiza ya ce a cire sakin layi ko a canza salo, jerin zai gyara kansa. Sannan tun 2019 Zotero yana sa jar alama a kan takardar da mujalla ta janye, ta hanyar bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar takardun da aka janye, abin da ChatGPT ba lallai ya gaya miki ba.

Abu biyu da suka shafe mu. Sunayenmu uku-uku suna rikita manhaja, sai ki ga marubuci ɗaya ya fito a wuri biyu, nan da sunan mahaifi can da sunan gari, ki duba yadda shi yake rubuta sunansa ki gyara da hannu. Kuma takardun Hausa da aka buga da tsofaffin font irin su Rabi'at, in kin kwafo su ƙ da ɗ da ɓ sukan koma wasu alamomi, ki sake buga taken kafin ya shiga kundi.

Ma'ajiyar fayiloli ta kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet MB 300 ce, tana cika da wuri, ki riƙa kwafe babban fayil ɗin Zotero a filas. Hirarrakin da za ki yi da malaman makarantun allo da iyaye kar ki ɗora su a kan irin su ChatGPT da sunayen mutane. Ki kuma tambayi sufabaizanki tun yanzu me sashenku ya yarda da shi, in an ce a bayyana amfani da ƙirƙirarriyar basira ki rubuta a babi na uku wace manhaja kika yi amfani da ita da kuma aikin da ta yi miki.