Amsa kan ginin Renaissance Center na Detroit

Malam, ka tambaya ko ginin nan tsoho ne da aka yi wa kwaskwarima, kuma ko ya dace ka kama hayar ofis a ciki.

Tsoho ne kam. Henry Ford II, shugaban kamfanin motoci na Ford a lokacin, ne ya jagoranci gina shi domin farfaɗo da tsakiyar birnin Detroit da ke jihar Michigan a Amurka, John Portman ya zana shi, aka buɗe shi a 1977: otal mai hawa 73 a tsakiya, gine-ginen ofisoshi huɗu masu hawa 39 sun kewaye shi. Matsalarsa tun farko ita ce ya juya wa gari baya. Manyan katangun siminti sun raba shi da titin Jefferson, cikinsa kuma kwana-kwana ne, baƙo na ɓata cikin sauƙi.

Kamfanin motoci na General Motors (GM) ya saye shi a 1996 domin ya zama hedkwatarsa, ya kashe kimanin dala miliyan 500 wajen gyara har zuwa 2004. An rushe katangun, an yi zauren gilashi mai fuskantar kogi, an ƙara hanyar zagaye a ciki. A ganina wannan gyaran ne ya mayar da shi na mutanen gari.

Sai dai kada kyan wurin ya ruɗe ka. A 2024 GM ya sanar zai ɗauke hedkwatarsa daga wurin, aka kuma fito da shirin rushe biyu daga cikin gine-ginen. Kafin ka sa hannu kan doguwar yarjejeniya, nemi lauyan da ya san harkar hayar gine-gine a Michigan ya duba maka sharuɗɗan tashi.