Ina Zan Fara Rubutu Kan Abincin Kebbi?

Ƙanwata, kin tambayi inda za ki fara rubutu kan abinci a Kebbi, ko daga manyan gidajen abinci na Birnin Kebbi ne. Ni dai Argungu zan tura ki. Garin da ake bikin kamun kifi tun 1934 ya san kifi. Ki je bakin kogin Matan Fada da sassafe, ki tambayi masunta yadda ake kama giwan ruwa, sannan ki zauna wurin matan da ke banda da suya. Ki ci a can, ki biya da kuɗinki, don wanda aka ciyar kyauta bakinsa nauyi yake yi. Tuwon shinkafa kuwa, ki tambaya ko 'yar gida ce, ɗanɗanonta daban ne. Daga nan sai Yawuri.